Tsadar Shirya Wasan Kwaikwayo a Karkara: Tarihinta a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da shugabannin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na garuruwan kudancin Katsina, ko kuwa malaman makaranta da akan ɗora wa shirya wasa ranar bikin ba da kyaututtuka, ya san kukansu guda ne, watau abin ya yi tsada. Kuɗin mota ya hau, hayar lasifika da injin wuta ta hau, 'yan wasa kuma ba su iya barin neman abinci su zo gwaji a kyauta. Wannan kuka gaskiya ne, sai dai bai bayyana yadda aka yi aka iso nan ba. Gama kwaikwayo ya daɗe a ƙasar Hausa tun ba a san mota ko lasifika ba, kuma a wancan zamani ba kuɗi ne ke sa a yi wasa ko a fasa shi ba.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin wannan tsada a ƙasar Funtuwa da Malumfashi. Za a nuna cewa ta hanya biyu ta shigo. Ta farko ita ce hauhawar farashi, wadda ba ta bar kowa ba. Ta biyu kuwa, wadda ta riga ta farko kuma ta fi ta nauyi, ita ce yadda ɗawainiyar wasa ta tashi daga wuyan mutanen da ke kallonsa ta koma wuyan wani mai ɗaukar nauyi daga waje. Duk lokacin da wasa ya yi irin wannan ƙaura, sai ya ɗauko wasu bukatu waɗanda ba a biyansu sai da tsabar kuɗi. An zaɓi wannan yanki ne domin ƙasar noma ce wadda arzikinta ya bi auduga da hatsi ya hau ya sauka, sa'an nan a cikinta ne, a garin Maska, aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na wasan kwaikwayon jama'a a Nijeriya.

Wasa kafin a san kasafinsa

Wasannin kwaikwayo na gargajiya suna da lokutansu, kuma lokutan su ne asirin arharsu. Tashe yakan fara ne idan azumi ya kai kwana goma. Yara da samari su bi gida gida da dare suna kwaikwayon tsoho, ko malami, ko mai magani, ko zaman miji da mata. Kayan wasan duka a gida ake samunsu: audugar da za a liƙa gemu, da tsumma, da gawayi, da ƙwarya, da tsohuwar rigar uba. Abin da masu gida suka bayar, hatsi ne ko 'yan kwabbai, sadaka ce, ba kuɗin shiga ba.

Kalankuwa kuma wasan kaka ce, bayan amfani ya zo gida. Samari da 'yan mata na ƙauye su kafa tasu hukuma ta 'yan kwanaki, su naɗa gwamna da alƙali da 'yan doka da likita, su yi ta kwaikwayon yadda mahukunta ke tafiyar da mulki. Baƙin da suka zo daga ƙauyukan maƙwabta gidaje ne ke ciyar da su. Dandali shi ne fagen wasa, farin wata shi ne fitila. Haka nan 'yan kama, waɗanda ke kwaikwayon malamai da wa'azin abinci, a kasuwa ko wurin biki suke wasansu, wanda ya ji daɗi ya ba su abin da ya sawwaƙa.

Kuskure ne a ce waɗannan wasanni ba su cin komai. Suna cin abinci, suna cin lokaci, makaɗa ma sai an sallame su. Amma da abin da ƙauye yake da shi ake biya, a kuma lokacin da yake da shi. Da kaka rumbu cike yake, aikin gona ya yi sauƙi, saboda haka lokacin saurayi ba shi da tsada. Tsarin da ke ɗauke da wasa shi ne dai wanda ke ɗauke da gayya da biki: yau a taimake ka, gobe ka taimaki wani. Da yake kuwa masu kallo su ne masu ɗawainiya, ba wanda zai hana a taɓa dagaci ko mai karɓar haraji a cikin raha, muddin ba a wuce gona da iri ba.

Shigowar wasan zamani

Rubutaccen wasan kwaikwayo ta makaranta ya shigo. R. M. East ya fitar da littafinsa na wasanni shida na Hausa a 1930, Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa a 1949, Shu'aibu Maƙarfi kuma ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959. Wannan sabon wasa ya zo da nasa sharuɗɗa: littafi, da malami mai koyarwa, da ɗaki ko dandamali, da labule, da kujerun manyan baƙi. Makaranta ce ke biya, watau En'e ko Gwamnati. Daga baya gidajen rediyo da talabijin na Kaduna suka fito da wasanni irin su Zaman Duniya Iyawa Ne da Samanja Mazan Fama, waɗanda suka shiga ko'ina a Arewa. Daga nan samarin garuruwa suka shiga kafa ƙungiyoyin dirama, suna koyi da abin da suka ji ko suka gani.

A daidai wannan zamani ƙasar Funtuwa da Malumfashi tana cikin samu. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙaurar Namoda, wadda aka gama a 1929, ta ratsa Funtuwa, aka kuma kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. A 1975 aka buɗe Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe. Shirin ya yi hanyoyin karkara, ya buɗe cibiyoyin sayar da takin zamani da iri a kan rahusa, ya kuma yaɗa noman masara. A 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, hedkwatarta a Funtuwa. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, albashin ma'aikata ya ƙaru bayan rahoton Udoji na 1974. Ƙungiyar dirama da ke son yin wasa a gari ba ta rasa attajirin auduga ko babban ma'aikaci da zai zama uban taro ya ba da gudummawa. A nan ne aka fara sabawa da cewa wasa yana da kasafi, kuma wani ne zai cike shi.

Wasan Maska

A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a ƙarƙashin Michael Etherton, wanda ya taɓa aiki da gidan wasan Chikwakwa a Zambiya. Shi da abokan aikinsa, irin su Brian Crow, da ɗalibansu da suka zama malamai daga baya, irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, sun tsaya a kan cewa wasa ya kamata ya bar harabar jami'a ya tafi wurin talakawa, ya yi magana da harshensu a kan abin da ya dame su. Ko gidan wasan da aka gina musu a Samaru, wanda Steven Ehrlich ya zana, da ƙasa da jinka aka yi shi, irin ginin gida na gargajiya. Ra'ayin ba a Zariya kaɗai yake ba. A Botswana an fara Laedza Batanani a 1974, ana kuma karanta littattafan Paulo Freire da Augusto Boal na Birazil.

A 1977 suka kai Wasan Manoma ƙasar Soba, a lokacin da Gwamnatin soja ke yayata shirinta na ciyar da ƙasa wanda aka ƙaddamar a 1976. A 1979 aka kai irin wannan aiki Maska, tsohon garin da hakimin Funtuwa ke riƙe da sarautarsa har yau, watau Sarkin Maska. A lokacin yankin yana cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Hanyar aikin ita ce a je a zauna da mutane, a saurari kukansu, a ɗinka gajerun wasanni da Hausa daga abin da aka ji, a yi su a fili ba tare da karɓar ko kwabo ba, sa'an nan a tsaya a tattauna da masu kallo.

Abin tattaunawa kuwa bai yi ƙaranci ba. Masu binciken da suka duba shirin noma na Funtuwa sun nuna cewa manyan manoma, waɗanda shirin ya fi mai da hankali a kansu, su suka fi cin moriyar taki da rance da tarakta. Ƙaramin manomi yana da tambayoyi game da rabon taki da bashi da gona, amma ba shi da inda zai yi su. Wasa ya ba shi wuri. Abin da ba zai iya faɗa wa malamin gona ido da ido ba, yana iya faɗarsa a kan ɗan wasan da ya fito a matsayin malamin gona.

Idan aka dubi wannan wasa daga gefen mai kallo, kyauta ne, ya ma yi kama da kalankuwa. Idan aka dube shi daga gefen mai shiryawa kuwa, wani abu ne daban. Sai an sami motar da za ta ɗauko mutane daga Samaru, da man da za ta sha, da direba, da abincin ɗalibai na kwanaki, da wurin kwana. Malaman albashinsu na tafiya, ɗaliban kuma aikin yana cikin karatunsu. Jami'a ce ta ɗauki wannan duka, a zamanin da jami'a ke da hali. Ashe arhar Wasan Maska ta aro ce, kuma wanda ya hau dokin aro ya san ranar sauka tana nan tafe.

Su kansu malaman sun lura da wannan rauni, sun kuma rubuta shi. Sun ga cewa baƙi ne ke zuwa su yi wasa su tafi, mutanen gari na kallo kawai. Saboda haka daga aikin Bomo na 1980, kusa da Samaru, suka ƙara ƙoƙarin sa mutanen ƙauye su shiga tsara wasan da yinsa. Wannan hanya ta fi amfani, amma ta fi cin lokaci. Ƙauyen da ke bayan jami'a ana iya komawa cikinsa kowane mako. Maska kuwa, ko ƙauyukan Malumfashi, kowace komawa sai an ƙona mai.

Shekarun tsuke bakin aljihu

Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982. A 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. A 1980 dalar Amurka ba ta kai naira ɗaya ba. Da aka buɗe kasuwar canji a watan Satumba na 1986 sai ta haura naira huɗu, a 1993 kuma farashin hukuma ya kai wajen naira 22. Duk abin da wasan zamani ya dogara da shi daga waje ake sayo shi: kayan gyaran mota, da taya, da lasifika, da ƙwan fitila, da injin wuta. Motocin jami'o'i da na ma'aikatu da yawa suka kwanta don rashin kayan gyara.

Farashin litar fetur shi ne ma'auni mafi sauƙi. Kwabo 20 ne a 1982, ya koma kwabo 39.5 a 1986, kwabo 70 a 1991, naira 11 a 1994, naira 97 a 2012, naira 145 a 2016. Bayan janye tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, sai ya haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Wani zai ce ai albashi ma ya hau. To, a gwada. Mafi ƙarancin albashi a dokar 1981 naira 125 ne, wanda a farashin 1982 zai sayi lita 625. Na dokar 2024 naira 70,000 ne, wanda a farashin ƙarshen wannan shekara bai wuce lita 70 ba. Tafiyar da malami zai iya ɗaukar nauyinta daga aljihunsa a zamanin Wasan Maska ta zama sai an rubuta takardar neman tallafi.

Aljihun masu gudummawa na gida shi ma ya tsuke. An rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, har da Hukumar Auduga ta Funtuwa. Masaƙun Kaduna da Kano da ke sayen auduga suka yi ta rufewa a shekarun da suka biyo baya. An janye tallafin taki a 1997, ko da yake an maido da wani sashe nasa a 1999. Manomin da ya saba da masara ba ya noma sai da taki, taki kuma sai da kuɗi, saboda haka abin da a da yakan rage bayan kaka don biki da wasa sai ya koma ajiyar damina mai zuwa.

Akwai kuma tsadar da ba a rubuta ta a kasafi, ita ce ta lokaci. Paul Clough, wanda ya yi bincike a ƙauyen Marmara na ƙasar Malumfashi tun daga 1977, ya nuna yadda ƙwadago da fataucin hatsi suka shiga rayuwar ƙauye sosai. Inda yini ya zama abin sayarwa, wanda ya ba da yininsa ga gwajin wasa ya yi asarar kuɗin cefane. Saurayin da a da yake zaune da rani, yanzu yana noman rani, ko ci-rani, ko haya da babur. Masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, sun bayyana wannan matsala a 1966. Sun ce masaƙa tana iya sayen inji ta rage ma'aikata, amma wasan da ke bukatar mutum goma bara, mutum goma yake bukata bana. Don haka duk lokacin da ladan aikin mutum ya hau, wasa na fage sai ya ƙara tsada a kan sauran kayayyaki.

Bidiyo da masu ba da tallafi

Ƙungiyoyin dirama sun nemi mafita ta hanya biyu. Ta farko ita ce bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, daga nan kasuwar finafinan Hausa ta buɗe. Fim ya fi wasan dandali cin kuɗi wajen shiryawa, amma sau ɗaya ake yinsa a sayar da shi sau dubbai, alhali wasan dandali daren da aka yi shi ya ƙare. Ƙwararrun 'yan wasa suka bi kasuwa zuwa Kano da Kaduna, masu kallo kuma suka saba da sauti mai ƙarfi da hoto mai kyau. Ƙungiyar da ta fito dandali da murya tsura sai a ga kamar ba ta shirya ba, saboda haka hayar lasifika da injin wuta da rumfa ta zama dole.

Hanya ta biyu ita ce neman mai ɗaukar nauyi. Hukumar wayar da kan jama'a ta MAMSER, wadda aka kafa a 1987, ta yi amfani da wasan kwaikwayo wajen isar da saƙon Gwamnati. Daga baya ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka shigo da kuɗin faɗakarwa a kan rigakafi, da cutar ƙanjamau, da karatun 'ya'ya mata, da zaɓe. Waɗannan batutuwa ne masu amfani, kuma kuɗinsu ya raya ƙungiyoyi da dama. Amma sun zo da alawus na zama, da riguna masu tambari, da rahoton da za a rubuta wa ofis. Da 'yan wasa suka saba da alawus, sai ya yi wuya a sake tara su a kyauta. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, mai biya shi ke zaɓen magana. Ba a cika samun mai ba da kuɗi don a yi wasa a kan wanda ya karkatar da takin ƙauye, ko wanda ya saye gonakin mabukata da bashi ba.

Daɗin daɗawa, matsalar 'yan bindiga da ta addabi ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, wadda sace ɗaliban makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ya bayyana wa duniya, ta sa taron dare a ƙauyuka da yawa ya zama kasada. Dare shi ne lokacin da ba a saye. Wasan da aka mayar rana, a cikin gari, a cikin ɗakin taro, ya shiga lokacin neman abinci, ya kuma shiga kuɗin haya.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa ba a rana ɗaya wasa ya yi tsada ba. Makaranta ta ba shi dandamali, jami'a ta ba shi mota, bidiyo ya tilasta masa lasifika, masu tallafi suka saba masa da alawus. Kowace kyauta ta ɗaure shi da fetur da dala, abubuwa biyu da manomin Maska ba shi da iko a kansu. Da farashinsu ya tashi, sai aka tarar tsohon tsarin da ke ɗauke da wasa ya riga ya yi rauni.

Akwai misali daga Kenya da ya kamata a tuna. A Kamiriithu, manoma da ma'aikata su suka gina fagen wasansu da hannunsu, suka yi wasan da Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii suka rubuta tare da su a 1977. Hukuma ta hana wasan, ta tsare Ngugi wa Thiong'o, a 1982 kuma ta rushe fagen. Abin da ya sa wasan ya yi arha, watau kasancewarsa na mutanen ƙauye, shi ne kuma ya sa maganarsa ta yi nauyin da hukuma ta kasa jurewa. Wasan da jama'a suka ciyar, maganarsu yake yi.

Ga ma'aikacin da ke riƙe da kasafin al'adu ko na ilmi a ƙaramar hukuma, darasin shi ne kuɗi kaɗan da aka ba ƙungiyar da ke zaune a gari, a lokacin kaka, ba tare da an rubuta mata abin da za ta faɗa ba, ya fi kuɗi mai yawa da aka kashe wajen ɗauko baƙi na yini ɗaya. Ga ɗalibi kuwa, abin da malaman Zariya suka gano tsakanin Maska da Bomo yana nan daram: aikin baƙo shi ne ya koyar ya bar wa masu gari, domin ranar da mota ta kasa zuwa, su ne za su fito dandali. Tashe bai mutu ba har yau, dalili kuwa shi ne bai taɓa jiran mota daga ko'ina ba.